Yadda Gudun Bel Ya Ci Idon Ƙanena

Sunana Lawali. Maƙeri ne ni a Jibiya, ƙira kuma gadon gidanmu ce. Ni da ƙanena Rabe muke riƙe da rumfar da mahaifinmu ya bari a bayan kasuwa, muna yin wuƙaƙen mahauta da adda da lauje. Na zauna rubuta wannan ne domin yanzu da wuya ka shiga rumfar ƙira ko ta walda ba ka tarar da injin washi mai bel ba, kuma yawancinmu ba mu san gudun da ya dace da shi ba. Ni ma ban sani ba sai da ido ya tafi, kuma ba nawa ba.

Injinmu ba na kanti ba ne. Malam Ila ya haɗa mana shi, wani dattijo mai gyaran injin niƙa a Magama, asalinsa mutumin Maraɗi ne amma ya daɗe a cikinmu. Ya yi masa ƙafafu da ƙarfe, ya ɗaura moto a ƙasa, ya sa fuli ɗaya a sandar moton ɗaya a sama, bel ɗin samfefa yana zagaya su. Shekara uku yana yi mana aiki bai taɓa taɓa kowa ba.

Saura mako biyu da 'yan kwanaki Babbar Sallah moton ya ƙone. Duk maƙeri ya san abin da wannan yake nufi. Lokacin ne mahauta ke kawo wuƙaƙe a buhu, masu gida ma kowa ya tuna da tasa da ta yi tsatsa tun bara, ga 'yan sari masu tsallakawa da kaya Nijar suna jira. Ban yi haƙurin zuwa Magama ba. Na je wurin mai tsofaffin kaya na samo moton famfon ruwa, na ga girmansu ɗaya da namu, na ce shi ke nan. Fulin tsohon bai shiga sandar sabon ba, sai na sa wani da na tarar a cikin tarkace, ya fi na da faɗi.

Da na kunna sai na ji murya ta canza. Da gurnani yake yi, yanzu fito yake. Na ɗora adda, ƙarfe na zuba kamar ana kankare sabulu. Daɗi ya kama ni. Alamu biyu na gani na kau da kai: bakin wata wuƙa ya yi shuɗi nan take, bel ɗin kuma yana kaɗawa kamar tuta.

Rabe ba ya gari ranar, ya tafi Daddara wurin surukansa. Washegari na yi sammakon sayen gawayi, ban tsaya mun haɗu ba, ban kuma bar masa saƙo ba. Ya zo rumfa ya ga wuƙaƙen da na fara suna jiran a gyara musu baki, ya cire bel mai kaushi, ya ɗauko mai laushi wanda yake rataye a ƙusa ƙarƙashin kwano tun bazarar bara, ya ɗora, ya kunna.

Maƙwabcinmu mai faci ne ya kira ni a waya. Ya ce, "Lawali, komo maza, injin ya mari Rabe."

Na tarar da shi zaune a kan kututture, hannu a fuska, jini na bin yatsunsa. Bel ɗin na ƙasa, ya rabu daidai wurin haɗi.

Ya ce, "Yaya, ban ko danna wuƙar sosai ba."

A nan muka yi kuskure na biyu, wanda a ganina ya fi na farko. Girarsa ta hagu ta tsage, jinin duk daga nan yake fita, sai hankalinmu ya tafi can. Muka kai shi kemis, mai kemis ya ɗinke girar, ya buɗe idon da yatsa ya leƙa, ya ce, "Jini ne ya kwanta, kwana biyu zai washe." Ya ba mu maganin ɗigawa. Muka yarda domin muna son mu yarda. Na kai shi gida, na koma rumfa, na maida bel mai kaushi, na ci gaba da aiki har magariba. Ban ji daɗin rubuta wannan ba, amma haka aka yi.

Kwana biyu idon bai washe ba. Ruwa yake zubarwa ba tsayawa, ba ya son haske, sai da aka rataya bargo a tagar ɗakinsa. Yana cewa kamar an zuba masa yashi. Daga nan masu dubiya suka fara zuwa, kowa da maganinsa a baki. Wata gwaggonmu ta kawo kwalli ta ce na Makka ne. Wani ya ce zuma farar saƙa. Wata ta ce nonon mai jego, aka kuwa tatsa aka ɗiga. A rana ta uku Inna, mahaifiyarmu, ta aika ƙauyen Riko aka ɗauko wata tsohuwa mai lashe ido. Ta wanke baki, ta riƙe kan Rabe, ta zura harshe ta zagaya, ta tofa a tafin hannunta, ta nuna mana wani ɗan baƙin abu. Ɗaki ya ɗauki kabbara. Aka tambayi Rabe, ya ce da sauƙi. Kunya ce ta sa ya faɗa, daga baya ya gaya mini.

Matarsa Hinde ce kaɗai ba ta yi kabbara ba. A rana ta huɗu ta tare ni a zaure, ta durƙusa, ba ta kalle ni ba.

"Yaya Lawali, don Allah a kai shi asibiti."

Na ce, "Ai ya ce da sauƙi."

Ta ce, "Na rufe mashi mai lafiyar na ɗaga yatsu biyu. Bai san na ɗaga komai ba."

Na shiga wurin Inna. Ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari, Babba take ce mini. Ta ce, "Babba, in aka kai shi cire idon za su yi." Na ce in ba a kai shi ba ma zai tafi. Ta ce, "To ku tahi, Allah shi tsare."

Rana ta biyar muka je asibitin gari. Likita ya haska da tocila bai kai minti ɗaya ba ya rubuta takarda, ya ce wannan ba nasu ba ne, sai Katsina wurin likitocin ido. Kafin mu fito la'asar ta kawo jiki, direbobi kuma ba sa son ɗaukar hanyar da yamma saboda halin da ake ciki. Sai muka kwana.

Ƙarfe takwas muna asibitin Katsina, amma benci ya cika, har ƙasa an zauna. Akwai waɗanda suka zo tun jiya daga ƙauyuka. Na bi layin yankar kati, na bi layin biyan kuɗi, na dawo aka ce katin bai iso ba, na koma aka ce ya tafi. Rabe na jingine da bango, ya rufe kai da rawani. Wajen sha ɗaya wata ma'aikaciyar jinya, mace mai ɗan shekaru, ta zo wucewa ta tsaya, ta ɗaga rawanin ta duba, ta ce, "Me ya same shi?" Na ce ƙarfe. Ta nemo katinsa ta ɗora a sama. Mutane suka fara gunaguni, ta juyo ta ce, "Naku yanar ido ce, za ta jira. Wannan ba zai jira ba." Ban san sunanta ba har yau, amma ba na sallah ban sa ta a addu'a ba.

Likitan saurayi ne, mai sanyin magana. Ya sa Rabe ya ɗora haɓa a kan wata na'ura, ya daɗe yana leƙawa.

"Kwana nawa?"

Na ce, "Yau shida."

"Me aka sa masa?"

Na lissafa. Da na zo kan tsohuwar Riko sai ya ajiye biro. Bai yi faɗa ba. Ya ce ƙarfen ba a saman idon yake ba, ya huda baƙin ya shige ciki, harshe ba ya kaiwa wurin, ga kuma ƙwayar cuta ta bi ramin ta shiga. Na ce masa lokacin aiki ne, Sallah ta matso, shi ya sa. Ya kalle ni ya ce, "Malam, ido ba ya jiran a gama Sallah." Wannan maganar tana kunnena har gobe.

Aka ce a ɗauki hoton idon. Na'urar asibitin ba ta aiki, sai da muka hau keke muka tafi wani wuri a cikin gari, muka biya, muka dawo da hoton. Ranar aka ba shi gado.

Mako na biyu na koyi jinya. Magani iri uku ake ɗiga masa, ɗaya duk awa guda, kuma ba a haɗa su lokaci ɗaya. Ma'aikatan ba su da yawa, sai suka nuna mini yadda ake yi: ka wanke hannu, ka ja fatar ƙasa, kada bakin kwalbar ya taɓa idon. Hinde ta zo da goyonta ta sauka gidan wata 'yar uwarta a gari, kullum tana kawo kunu da tuwo mai laushi, domin tauna ma tana ja masa ciwon kai. Ni kuma tabarma na shimfiɗa a baranda tare da sauran masu jinya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne magani. Duk takardar da aka rubuta, ka je kantin maganin asibiti a ce babu, sai ka tsallaka titi. Wanda ka saya ran Litinin, ka koma ran Alhamis a ce ya tashi. Raguna biyu muke kiwo na layya, nawa da nasa, na buga waya aka kai su kasuwa. Mahautan garinmu kuma, waɗanda wuƙaƙensu ke kwance a rumfata ban gama ba, su suka haɗa abin da ya sawwaƙa suka aiko. Ba wanda ya tambayi wuƙarsa. Direban da ke kawo mana saƙo daga gida bai taɓa karɓar ko sisi ba.

Ana jiran ranar da za a yi masa aikin ciro ƙarfen sai wani kawunmu ya fara kira. Ya ce mu ɗauke shi mu tsallaka Nijar, akwai asibitin da ake gyara ido ko ya fashe, wane da wane sun je sun dawo suna karanta Alƙur'ani. Rabe ya ji, ransa ya biya.

Ya ce, "Yaya, kwana huɗu muna nan ɗigo kawai ake yi. Mu tahi."

Na ce likita ya ce sai cutar ta lafa za a taɓa, kuma jijjigar hanya ba ta yi masa kyau.

Ya ce, "Idona ne ko naka?"

Na ce, "Naka ne. Amma ba inda za mu."

Ya juya wa bango fuska. Ranar Hinde ce ta ɗiga masa magani, bai yarda na taɓa shi ba. Har yau ban san ko da mun tafi da abin ya canza ba. Na san dai mun riga mun ɓata kwana shida a kan an ce, ban iya ƙara ko ɗaya ba.

An yi aikin kwana biyar da kwanciyarmu. Da aka fito da shi likita ya kira ni ya nuna mini abin a kan auduga. Bai kai ƙwayar riɗi ba. Na tsaya ina kallonsa, ni da nake share irinsa da tsintsiya kullum, mudu-mudu.

A asibiti muka yi Sallah. Wani mai jinyar mahaifinsa a gadon kusa da mu aka kawo masa soyayyen nama daga gida, ya bi gado-gado yana rabawa. Rabe ya karɓi tsoka ɗaya ya riƙe, bai ci ba.

Mako na uku aka buɗe idon. Likita ya rufe na dama ya haska fitila.

"Me kake gani?"

"Haske."

"Hannuna fa?"

Rabe ya ce, "Kamar an kunna fitila a bayan bargo. Shi ke nan."

Likita ya ce an ceci ƙwayar idon, ba za a cire ba, amma gani da wuya ya wuce haka. Ya ce yanzu aikinmu tsare na dama, duk ranar da ya yi ja ko ya fara gudun haske mu zo ko da ranar Juma'a ce. Aka sallame mu da leda cike da magani da ranar dawowa.

Kwana biyu da komawarmu Malam Ila ya zo dubiya. Ya gaida Inna, ya zauna wurin Rabe ya ce, "Mi lokotoro ya ce?" Aka gaya masa abin da likita ya ce. Ya yi addu'a, ya miƙe ya ce mini, "Zo ka nuna mani injin."

A rumfa ya durƙusa ya goge ɗan farantin da ke jikin moton da bakin riga, ya karanta.

"Wa ya sa wanga?"

Na ce ni.

"Ka duba lambar?"

Na ce ban duba ba.

Ya ce tsohon moton da ya sa mana yana juyawa wajen sau dubu ɗaya da ɗari huɗu a minti, wannan kuwa ninkinsa yake yi, domin na famfo ne. Ya auna fulin da na sa da yatsu, ya ce faɗinsa ya kai ɗaya da rabin na da. "Moto ya ninka, fuli ya ƙara rabi. Ka haɗa, gudun bel ya zama uku. Kai ka ga girman moto, ba ka ga gudunshi ba."

Abin da ya koya mini a tsaye a wurin shi ne zan bar wa 'yan uwana masu sana'a. Gudun bel abu biyu ke kawo shi, juyin moto da faɗin fulin da ke jikin moton. Ka taɓa ɗaya ka canza gudu. Bel mai kaushi, na cin ƙarfe da fitar da siffa, shi ke son gudu. Bel mai laushi, na gyaran baki, ba ya so. A rage masa zuwa rabi ko ƙasa da haka, in ba haka ba zafi yake tarawa maimakon ya ci. In ka ga bakin wuƙa ya yi shuɗi, taurin da ka ba ta a wuta ya tafi, kuma injin ne yake gaya maka ya yi sauri. Ƙotar itace ta fi kowa son a hankali, ƙonewa take. Sannan kowane bel da gam aka haɗa shi, wanda ya shekara a rataye ƙarƙashin kwano gam ɗinsa ya bushe, a jefar da shi ko da samansa sabo ne. A duba kibiyar da ke cikin bel a ɗora shi yadda ta nuna. In an sa sabo a kunna a koma gefe a bar shi ya ɗan yi gudu shi kaɗai. A sa tabarau.

Ya cire moton ya tafi da shi. Bayan mako ya dawo da mai juyi irin na da, da fuli mai hawa uku da ya sa aka yanko masa, ƙarami da matsakaici da babba, ya kuma yi wa bel ɗin murfi da gwangwani. Kuɗin ƙarfe kawai ya karɓa.

Ranar da Malam Ila ya karanta lambar nan na shiga ɗakin Rabe na zauna a bakin gado. Na gaya masa duka, har shuɗin da na gani na kau da kai, har saƙon da ban bari ba.

Ya ce, "Na ga moton, Yaya. Na ji kukan ya canza. Ni ma kau da kai na yi."

Na ce duk da haka.

Ya ce, "Ba wannan ya tsaya mani ba. Ranar da ka kawo ni gida ka koma ka kunna shi. Ina kwance ina jin kukanshi har magariba."

Gidanmu ba nisa da rumfar, ban taɓa tunanin ƙarar na isowa ba. Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Allah shi yafe mamu duka," amma na san irin amsar da ake bayarwa ce don a tashi. Kusan mako uku daga gaisuwa ba abin da ke haɗa mu. Ni nake kai shi Katsina duk ranar dawowa, mu zauna kujera ɗaya a mota, kowa na kallon gefensa.

Wata na biyu ciwon ya tafi, sai wahalar ido ɗaya ta fito, wadda ba wanda ya gaya mana ita. Ya zo zuba shayi ya zuba a gefen kofi. Ya miƙa hannu a gaisa ya wuce hannun mutum. Ranar da ya fara komawa rumfa ya ɗaga guduma ya sauke ta a kan uwar maƙera, ƙarfen na gefe yana kallonsa. Ya ajiye ya koma gida. Likita ya ce kai zai saba, a ba shi lokaci. Ya kuwa saba, sannu a hankali. A wata na huɗu ya gama wuƙarsa ta farko shi kaɗai, a ƙaramin hawan fuli, da tabarau a fuska. Idon ya ɗan yi fari ya kuma ɗan shige, amma wanda bai sani ba sai ya lura. Na dama lafiya lau, mun gode Allah.

Inna har yanzu tana cewa da an bar tsohuwar ta sake lasa. Na daina musu da ita. Mai kemis ɗin muna gaisawa, amma ko ciwon kai ba na sayen magani a wurinsa.

Wata ranar kasuwa muka fito tare za mu sayo ƙarfen sifirin na mota, wanda muke yin adda da shi. Cunkoso ya yi yawa, motocin kaya sun toshe hanya, 'yan acaɓa na kutsawa ta ko'ina. Ina damansa muna tafe. Wani mai babur ɗauke da buhu ya fito ta hagunsa, buhun ya bugi kafaɗarsa har hula ta faɗi. Rabe bai gan shi ba sai da ya ji shi. Na ɗauko hular na kaɗe na miƙa masa. Ya sa, sai ya kamo hannun rigata ya zagayo da ni.

Ya ce, "Yaya, dawo ta nan. Nan ne ba kowa."

Tun daga ranar, ko masallaci za mu, ko jana'iza, ko tasha, ni ne a hagunsa.